Babban Ido Marar Murfi

Shekaranjiya wani mai shagon cajin waya da ke kusa da gidana ya dube ni ya ce, "Baba Mamman, wai da gaske shekara uku kuka yi kuna koyon ɗaukar hoto? Me ake koya a ciki?" Kafin in ankara ya ɗaga wayarsa ya ɗauke ni bakina a buɗe, ya juyo mini da ita yana dariya. Na wuce abina, don na san abin da zai fito daga bakina a lokacin ba na alheri ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Ku 'yan yanzu sai ku danna yatsa sau ɗari, ku zubar da casa'in da tara, ku riƙe ɗaya ku ce kun iya. Ko cikin rumbu kuka shiga, wayar nan za ta nemo muku haske. Mu a zamaninmu lallaɓa haske ake yi, kuma akwai aikin da sau ɗaya tak za a ba ka damar dannawa. To ku zauna ku ji yadda na zaɓi idon kyamara da hannuna, da abin da zaɓin ya jawo wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

A Sabon Garin Gusau na koyi aiki, a hannun Baba Raufu, wani Bayarabe da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da gemuna na zo masa, bayan na gaji da dakon buhunan auduga. Shekarar farko ko taɓa kyamara ban yi ba. Ɗebo ruwa, tace shi da ƙyalle, dama maganin wanki, shanya hotuna a igiya, share shago. A ta biyu ya bar ni na shiga ɗakin duhu na tsaya a bayansa. Sai a ta uku ya rataya mini kyamara a wuya. Mutum ne mai gaskiya, aikinsa kuma babu kamarsa a layin, amma yana da hali ɗaya da har gobe yake ba ni haushi: ba ya faɗin dalili. Yi kaza. Kada ka yi kaza. Idan ka dawo daga tafiya ko ka daɗe a rana, danna sau ɗaya a banza ka ja sabon gurbin fim kafin ka ɗauki mutum. Ka ce don me, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Haka anka koya mani." Shi ke nan, an rufe magana.

Ranar da ya yaye ni ya ba ni tsohuwar kyamararsa. 'Yar ƙarama ce ta baƙin ƙarfe, amma da nauyi kamar dutsen guga. Irin wadda ba ta cikin idonta kake kallo ba ce. Tana da 'yar taga a sama ta gefe, nan kake leƙawa. A tsakiyar tagar akwai ɗan tabo mai ruwan ɗorawa, a cikinsa za ka ga abu ya rabu biyu, hancin mutum biyu, gefen hula biyu. Sai ka riƙa murɗa zoben ido a hankali har biyun su hau kan juna su zama ɗaya, to saiti ya yi. Taga daban, ido daban, don haka duk abin da ke faruwa a bayan ido ba ka ganinsa. A bayan idon kuma akwai labule na siririn baƙin ƙyalle, shi ke tsare fim daga haske. Idan ka danna, ya buɗe ya rufe kafin ka ƙifta.

Idon da ke kan kyamarar bai fi bakin kwalbar turare faɗi ba, lambarsa uku da rabi. A sana'ar nan lissafin a juye yake, yadda lamba ta ƙanƙanta haka ido ke buɗewa ya sha haske. Mai uku da rabi a fili da rana ba a ja da shi, har zaren aikin hula yana fitarwa ɗaya bayan ɗaya. Amma ka shiga zaure da shi, sai ya makance. Dole ka rage saurin labule, ka roƙi jama'a kada kowa ya motsa. Mutanenmu kuwa, da zarar ka ce kada a motsa, lokacin ne wani zai tuna bai gyara rawaninsa ba.

Wani aiki a Tsafe ne ya sa na tsani idon nan. Wani mai hatsi ya dawo daga Makka, yana so a ɗauke shi tare da dattawan unguwa da suka zo yi masa barka. Na isa na tarar da su jere a zaure mai duhu kamar cikin tulu. Na durƙusa na gaishe su, na ce ko za su taimaka su fito ƙofar gida inda akwai haske. Wani tsoho ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mu za mu tashi don mai hoto? Kai dai ka yi abin da ya kawo ka." Na ɗauki uku a hakan, na san ba za su yi ba. Sai na ciro ƙwan walƙiya, irin wanda ake ƙonawa sau ɗaya a jefar. Ina dannawa ƙwan ya fashe, tau! Ɓarɓashin gilashi ya watsu a kan babbar rigar liman. Liman ya ɗauki salati, wani ya yi ƙofa da gudu ya bar takalminsa, mai gida kuwa ya rako ni har bakin titi da maganganun da bai kamata su fito daga bakin sabon alhaji ba. Da na wanke ukun farko, kowane dattijo ya fito da kai biyu. A motar dawowa Gusau na rantse sai na nemi ido mai gani a duhu.

Sai ga shekarar fari. Damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Fulani suna ratsa Gusau da shanun da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Wanda bai ci ba ina shi ina hoto? Shagona ya koma wurin hira. Fim sai an aika Kano, wani lokaci ɗan aike ya dawo hannu biyu, ƙwan walƙiya kuwa ya ɓace gaba ɗaya. Na koma tattalin kowane gurbin fim kamar mai auna tsabar shuka. Ɗan aikin da ya rage na masu hali ne, su kuma a cikin gidajensu suke so, a ɗaki, a inuwa. Kun ga dai buƙatar sabon ido ba ƙarya ba ce. Inda na ɓata shi ne wurin zaɓe.

Akwai Malam Iliya mai gyaran agogo kusa da tashar jirgin ƙasa. Duk Baturen da zai bar gari, da alhajin da ya sayo abin da bai san amfaninsa ba, wurinsa kayan ke ƙarewa. Wata safiya ya aiko a kira ni. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur ya ɗora idanu biyu, dukansu suna hawa kyamarata. Na farko lambarsa biyu, matsakaici, fes da shi, da murfinsa da 'yar hularsa ta tare rana. Na biyu lambarsa ɗaya da rabi. Faɗinsa ya kai bakin kofin shayi, gilashin yana wani sheƙi, ka juya shi nan ya yi shuɗi, ka juya can ya yi ruwan zuma. Ba shi da murfi, an yar a wani wuri. Tun da na ɗora ido a kansa na daina ganin ɗayan.

Na ce, "Malam Iliya, wanne ya fi?"

Ya ce, "Ni agogo nika gyara. Kai su ga maigidanka ya duba."

Baba Raufu ya karɓi ƙaramin, ya ɗaga shi saitin ƙofa ya leƙa, ya murɗa zoben yana saurare kamar mai jin bugun zuciya, ya ajiye. Ya karɓi babban, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ɗaura a kyamara ya leƙa taga, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Ɗauki mai biyu."

Na ce, "Baba, wannan fa ya fi shan haske."

"Ina murfi nai?"

"Ai murfi ba ya ɗaukar hoto, Baba."

Ya dube ni ta saman tabarau. Can ya ce, "In ka nace sai shi, to ko da hularka ce ka riƙa rufe shi. Kada ka bar shi buɗe."

Na ce don me. Kun san amsar da na samu.

Bari in gaya muku abin da shi bai gaya mini ba, wanda sai da na sha wuya na gane. Tsakanin biyu da ɗaya da rabi, bambancin hasken bai kai ninki ɗaya cikakke ba. Daga uku da rabi zuwa biyu, nan tazarar take, kuma mai biyun ya ishe ni kowane zaure a ƙasar Zamfara. Babban idan ka buɗe shi gaba ɗaya, wurin da ke fitowa sarai siriri ne ƙwarai, ka saita a idon mutum kunnensa ya dushe, ya ɗan sunkuyo kaɗan komai ya tafi. Ga nauyi yana rinjayar kyamara gaba, ga bakinsa yana tare maka kusurwar taga. Duk wannan da an zaunar da ni an faɗa, wataƙila da na ji. Na ce wataƙila, don gaskiya ba haske kaɗai nake saye ba. So nake in ratsa kasuwar Gusau da abin nan a ƙirjina a ce Mamman ya zama babban mai hoto. Kekena na sayar na biya kuɗinsa, na dawo shago a ƙasa ina murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta.

Kwana huɗu bayan haka Bello tela ya shigo. Shi ke ɗinka mini labulen bangon da nake tsayar da mutane a gabansa, mutumin wani ƙauye ne a bayan Bungudu. Bai zauna ba. Ya ce mahaifinsu, Malam Audu, yana kwance, jiki ya ƙi, abinci ma sai kunu. Suna da wa, Shehu, wanda ya tafi aikin haji a ƙasa tun Bello yana ƙarami, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna can yana noma, ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Kusan shekara ashirin bai ga gida ba. To wasiƙarsa ta zo, yana roƙon abu ɗaya, a aiko masa da hoton Baba ya gani, ya nuna wa 'ya'yansa kakansu. Tsohon kuwa tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, yana ganin wasan banza ne. Sai da aka karanta masa wasiƙar sau biyu sannan ya yarda.

Bello ya ce, "Amma ya kafa sharaɗi. Ba a fid da shi waje, ba a haska mai wuta a ido, kuma sau guda za a yi. Ɗakin kuwa da duhu, Malam Mamman. Kana iyawa?"

Na shafa babban idona na ce, "Ka zo wurin da ya dace."

Washegari na ɗaura sabon fim, na ja gurbin farko na shirya tun daga shago, na buɗe idon gaba ɗaya don ya fi sheƙi. Muka hau bayan a-kori-kura a tasha. Hulata tana kaina, ba ta je ko kusa da kyamara ba. Wani fasinja ya leƙa gilashin ya ga fuskarsa a ciki ya ce, "Kai, wanga ai ya hango Sakkwato daga nan!" Na ji daɗi har cikin raina. Daga Bungudu muka taka a ƙasa, bazara ce, rana tana dukan ƙeya, muka shiga ƙauyen ana kiran azahar.

Masallacinsu fili ne da aka kewaye da guntuwar katanga. Na cire kyamara daga wuya don in yi alwala. Na ce kada yashi ya taɓa gilashi, sai na ɗora jakata a kan katangar, na kwantar da kyamarar a kanta rigingine, idonta yana kallon sama. Har yaba wa kaina na yi da wannan dabara. Aka yi salla. Da aka sallame liman ya shiga addu'ar roƙon ruwa, ya ja ta, ya ja ta, jama'a suna amin da dukan zuciyarsu, don kowa a wurin rumbunsa ya kusa ƙasa. Ni ma na ɗaga hannu na yi amin. Da na ɗauki kyamarar ƙarfenta ya yi zafi har sai da na canja hannu, na ce a raina ai rana ce, kowane ƙarfe haka yake.

Ɗakin tsohon na jinka ne, ƙofarsa sai ka sunkuya. Da shigata ban ga komai ba, sai numfashinsa nake ji. Na sa aka naɗe asabari, na ba Bello farin faranti ya tsaya a bakin ƙofa ya karkato da hasken ciki. Aka tayar da Malam Audu aka jingina shi da bango, aka sa masa farar riga da hula. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne mai abin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To yi maza, ɗana. Don Shehu na yarda. Ba ni yin na biyu."

A nan dokar Baba Raufu ta faɗo mini, danna ɗaya a banza, ja sabon gurbi. Na tuna yadda na samo fim ɗin nan da ƙyar, na ce gurbi guda lafiyayye in zubar saboda wata doka da ba ta da dalili? Ban zubar ba. Na durƙusa a gwiwa ɗaya, na dafe gwiwar hannu a cinya, na leƙa taga. Ta tagar komai lafiya lau. Na daɗe ina saiti, don na san idon nan ba ya yafe kuskure, tsohon kuma yana ɗan rawa saboda rashin ƙarfi. Na bi fuskarsa a hankali har ƙwayar idonsa biyu suka hau kan juna a cikin tabon. Na riƙe numfashi na danna.

Ya ce, "An gama?"

Na ce, "An gama, Baba."

"Ashe abin ba ya da zafi." Ya zame ya kwanta.

Da mai hankali ne ni, da a ranar na shiga ɗakin duhu na yanke gurbin nan ɗaya na wanke. Baba Raufu yana yin haka idan aiki ya matsa. Amma yankewa tana cin gurbi biyu ko uku, ni kuwa rowar fim ta riga ta shige mini jini. Na ce bari in cika shi tukuna. A shekarar da babu masu zuwa, cika fim ba wasa ba ne. Kwana shida ina zaune ina jiran masu hoton fasfo ɗaya-ɗaya. Bello ya leƙo sau biyu, ina ce masa ya kwantar da hankalinsa, aiki yana hannu.

A rana ta bakwai da safe na wanke. Na ɗaga fim ɗin yana ɗigar ruwa, na duba. Kowane gurbi da baƙin tabo, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar wake. Na bi su da yatsa har na kai gurbin farko. Tabonsa ya fi na kowa, ya cinye daga saman hular tsohon har ƙirjinsa. Baƙi a fim fari ne a takarda. Ma'ana inda fuskar Malam Audu take, babu komai sai farin fili.

Na kwashi kyamara da fim na yi wurin Baba Raufu ko ƙofar shago ban rufe ba. Ya ɗaga fim ya duba. Ya kwance idon, ya buɗe bayan kyamarar, ya ja ni bakin ƙofa ya ɗaga ta saitin haske ya ce in leƙa. A jikin labulen akwai 'yan ramuka a jere kamar an bi da allura, haske yana tsiyaya ta ciki. Sannan ya ɗauki babban idona, ya fita tsakiyar rana, ya riƙe shi a kan wata tsohuwar takarda. Hasken ya taru wuri ɗaya ya zama ɗigo. Kafin in ƙirga biyar hayaƙi ya tashi.

Ya ce, "Ka aje ta tana kallon rana."

Ba tambaya ba ce. Idon da na saya don ya tara mini haske ya tara rana sukutum a kan ƙyalle, tsawon salla da addu'a, ya huda shi. Gurbin da ke jira a bayan labulen ya sha rana ya ƙoshi tun kafin in shiga ɗakin tsohon. Da na zubar da shi na ja na gaba a cikin duhun ɗakin, da hoton ya fito lafiya, don ramukan ba su da hasken da za su tsiyayar a can.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mini rana tana ƙona labule?"

Ya ce, "Na ce ka rufe shi."

"Ba ka ce don me ba!"

Ya miƙo mini idon ya ce, "To yanzu ka san don mi."

Wallahi da ba maigidana ba ne, da ranar an ji mu a layin. Na ji haushinsa, na ji haushin wanda ya koya masa, amma duk haushin bai kai wanda na ji na kaina ba, don sau biyu aka ba ni doka, sau biyu na taka. Shi ya sa duk wanda ya koyi aiki a hannuna daga baya, sai na cika masa kunne da dalili har ya gaji. Labulen dai an gyara shi, ɗan sholishon facin taya da baƙin fitila aka shafa, ya bushe ya toshe. Baba Raufu bai bari na jira bushewarsa ba. Ya ciro tasa kyamarar, wadda bai taɓa ba kowa aro ba, ya rataya mini ya ce, "Tahi yanzu. Ka roƙe shi."

A hanya ina ta shirya abin da zan ce wa tsohon don ya yarda da na biyu. Na shirya durƙuso, na shirya rantsuwa. Ina shan kwanar gidan na hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofa, maza zaune jere, butoci a gefe. Tun jiya da la'asar aka kai tsohon makwancinsa. Na zauna a bakin tabarma na yi gaisuwa da kyamarar aro a wuyana, na rasa inda zan sa fuskata. Bello ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya sa ka zo a kan lokaci ran nan, Malam Mamman. Ko ba komai Shehu zai gan shi." Ban iya gaya masa a gaban mutane ba.

Bayan addu'ar bakwai ya zo shago. Na ba shi kujera, na gaya masa komai ban rage ba, har da kwana shidan da na zauna a kan fim. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Bai zage ni ba. Ya ce in nuna masa abin da ya fito. Na ce babu abin gani. Ya ce shi dai a nuna masa.

Na buga masa a takarda. Sama fari fat. Daga ƙasa sai gaban riga, da hannuwan tsohon biyu a kan cinya, sun ɗan dushe amma ana ganinsu. Bello ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan hannun dama ya ce, "Ga ɗan yatsan da lauje ya cire mai kai. Wanga hannu ya duki Shehu ya fi a ƙirga, zai gane shi." Ya yi 'yar dariya, sannan ya share ido da bakin riga. Ya ce in buga biyu, ɗaya nasa, ɗaya na Sudan.

Na mayar wa Malam Iliya babban idon na karɓo mai biyu da murfinsa, kuma da shi na ci abinci har na bar sana'a. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Sai bayan watanni, an yi ruwa har an fara girbi, Bello ya sake shigowa da takarda a hannu. Amsar Shehu ce, da ajami. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta mini. Shehu ya ce hoto ya iso, ya gane hannun tun kafin ya karanta wasiƙar, ya nuna wa yara. Sannan ya ce, shi da baƙin gemu ya bar Baba, yana ta ƙoƙarin ya ga yadda ya koma da tsufa, abin ya ƙi zuwa masa. Gemun ya yi fari duka? Ya rame ƙwarai? Idonsa fa?

Bello ya naɗe takardar ya ce, "Na zauna in ba shi amsa na kasa. Kullum ina ganin Baba, amma kunya ba ta taɓa bari na tsura mai ido ba. Mu ba mu kallon fuskar uba. Kai ne ka kalle shi."

Gaskiyarsa ne. Duk ƙauyen nan babu wanda ya taɓa ƙura wa Malam Audu ido yadda na yi ta cikin 'yar tagar nan. Na jawo benci, na ba Bello takarda da alƙalami, na rufe idona. Na ce rubuta, gemun ya yi fari, amma akwai sauran baƙi a ƙarƙashin leɓe. Kumatun sun faɗa. Girar hagu ta fi ta dama tsawo, tana sauka kan ido. Akwai tsohon tabo a gefen hanci. Idanun sun yi ruwan toka a gefe, amma ba su mutu ba, kuma da aka ambaci sunanka sai da suka motsa. Bello yana rubutawa yana tsayawa, yana cewa in maimaita a hankali. Wani mai son hoton fasfo ya leƙo, na ce ya dawo gobe. Muka cika shafi biyu, Bello ya busa tawada ta bushe ya sa a ambulan. Ni mai hoto, da kyamara rataye a bango, da baki na aika fuskar mutum Sudan.